Kwamfutar Abba Ta Ƙi Barci

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Wanda ya ga abin da na gani ranar Asabar ba zai iya riƙe waya ba, balle ya zauna rubutu. Sababbin shigowa kuma, bari in ɗan koma baya saboda ku.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, 'yan aji huɗu nake koyarwa. Wanda nake so ma'aikacin jinya ne a sashen masu ciwon ƙoda, Dogo kowa ke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. Ya taɓa aure, matar ta rasu ta bar masa yarinya ɗaya. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Abba, Abba ya dube shi sama da ƙasa ya ce a'a, a gaban Mama, a gaban Yaya, da muryar da har maƙwabta sai da suka ji. Bayan shekara guda ciwo ya kwantar da Abba, kuma ikon Allah, a hannun Dogo ya faɗo. Wata bakwai Dogo yana juya shi, yana rage masa gemu, yana shan faɗansa. Saura sati uku Abba ya rasu, an sallamo shi gida na 'yan kwanaki, ya jawo kwamfutarsa ya aika wa Dogo imel, layi tara, ya ce ya yi kuskure, ya ba shi ni. Bai gaya wa kowa a gida ba. Halin Abba ke nan, gara ya haɗiyi garwashi da ya ce "na janye" da bakinsa.

To a gida wancan a'a ɗin kowa ya riƙe. Mama ta ce ita da kunnenta ta ji, ba za ta saɓa wa mamaci ba, kuma ko kallon kwamfutar ba ta iya yi ba tare da ta fashe da kuka ba. Baffa, yayan Abba, wanda maganar aurena ta koma hannunsa, Dogo ya nuna masa saƙon a waya ya ture, ya ce yaran yanzu har muryar mutum suna ƙirƙirowa. Wata huɗu ina zarya gidansa kafin ya sassauta. Ya ce in kawo masa kwamfutar ƙanensa, ya ga saƙon a cikin abubuwan da shi marigayin ya aika, da idonsa, ba hoto ba, ba bidiyo ba. Shi ba zai iya zuwa ba, an yi masa aiki a gwiwa kuma a hawa na huɗu yake. Ya ce Asabar bayan la'asar dangin Dogo za su zo jin amsa, ya gaji da jan mutane, abin da ya gani ko bai gani ba shi zai faɗa musu.

Ga inda gizo ke saƙa. Babu wanda ya san kalmar sirrin kwamfutar. Tambayarta take yi idan an kashe ta an kunna, amma idan barci aka sa ta, buɗe murfin kawai za ka yi ta farka inda ka bar ta, don Abba ya cire tambayar tun da ta ishe shi. A barci ya bar ta ya koma asibiti tafiyar da bai dawo ba. Tun ranar nake rainonta kamar jinjiri, ban taɓa bari ta mutu ba. Batirinta ya tsufa. In tana barci takan kwana ta yini ba caja, in ido biyu take kuwa minti ashirin ta gama. Gidan Baffa tafiyar awa ɗaya da rabi ce.

Asabar da ƙarfe tara na gama shiri. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai maɓallai a hannu, wadda Abba ke cewa ita kaɗai ke sa in yi kama da malamar makaranta, na yafa farin mayafi, ko hoda ban shafa ba don Baffa ba ya son ƙyale-ƙyale. Na shiga ɗakin Abba. Komai yana inda ya bar shi, tabarau a kan littafin adireshi, kwalbar magani rabi, hularsa a kan ƙusa. Sai na tarar da murfin kwamfutar a buɗe, allon a kunne, rubutun ya kumbura ya yi manya-manya kamar an hura shi. Na leƙa akwatin imel, saƙon yana nan, na ce alhamdulillahi. Na je kusurwar da nake zuwa kullum, na danna alamar wuta. Layi uku ke fitowa a nan, barci, kashewa, sake kunnawa. Layi biyu na gani.

Na rufe na sake dannawa. Biyu. Na goge idona da gefen mayafi na sake. 'Yan uwa, biyu dai. Na rufe murfin na kara kunnena, fankarta tana ta huci abinta, ko a jikinta.

"Yaya!"

Ya leƙo da buroshi a baki, singileti a jiki. Ku da kuka daɗe tare da ni kun san Yayana. Akawu ne a kamfanin fenti, amma a ransa injiniya ne. Shi ya gyara agogon falo har yau yake gudu da minti arba'in.

"Wa ya taɓa kwamfutar Abba?"

"Au, ni na ɗan duba miki ita jiya da kika tafi makaranta. Allon ne na ga yana ƙyaftawa, na ce kada ta ba ki kunya a gaban Baffa. Na kalli wani bidiyo, na cire wani abu da ke damunta. Kin ga ai ta daina."

"Maɓallin barci fa? Ina ka kai shi?"

"Ni me zan yi da maɓallin barci?" Ya matso ya leƙa. "Wannan ai ba komai ba ne. Kashe ki kunna, komai zai dawo."

Ya miƙa yatsa. Ban san lokacin da na kai wa hannunsa duka ba, ni da ban taɓa ko ɗaga masa murya ba. Buroshin ya faɗi ƙasa.

"Auta, ni kika daka?"

"In ka kashe ta ka kashe ni, wallahi Yaya ka kashe ni!"

Mama ta zo bakin ƙofa da carbi a hannu, ta tsaya inda take tsayawa kullum, ba ta taka ɗakin ba. Na yi mata bayani ina haɗiyar kuka. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce a hankali, "Abin da Allah bai nufa ba, Auta, ko ƙarfe ma sai ya ƙi. Ki dubi abin nan da idon basira." Ta juya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zauna a kujerar Abba na rubuta wa Dogo, yana bakin aiki har ƙarfe biyu.

"Barci ya ɓace daga kwamfutar. Yaya ya taɓa ta. Na shiga uku."

Minti shida kafin ya amsa, na ƙirga su.

"Kada ki kashe. Kada ki bar kowa ya kashe. Tana jikin caja?"

"Tana jiki."

"To numfasa. Shiga saitin wuta, ki nemi inda aka ce zaɓi abin da maɓallin wuta zai yi."

Na lalubo na shiga. Ya ce akwai wani shuɗin rubutu a sama, in danna shi zai buɗe akwatunan da ke ƙasa, in sa alama a akwatin barci. Na danna, akwatunan suka buɗe. Akwai na kullewa, akwai na saurin tashi. Na barci babu shi, ko gurbinsa babu.

"Babu akwatin ma gaba ɗaya."

Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. A raina na ce shi ke nan, shi ma ya ƙure iliminsa yana neman yadda zai gaya mini.

"An kira ni gado na shida. Akwai wata mata a benen masu waya, hawa na ɗaya, shago na uku daga matakala, Injiniya ake ce mata. Ita ke gyara na ofishinmu. Je ki yanzu. Ki ce mata kada ta kashe, ki faɗa sau uku."

Sai wani ya biyo baya. "Ko me ya faru yau ina nan."

Ban amsa wannan ba, don da na amsa da ban tashi daga kujerar ba.

Daga gidanmu zuwa benen minti goma sha biyu ne in hanya ta yi kyau. Yaya ya tare mini tasi har ƙofar gida yana ta sosa ƙeya, sai da direban ya juya kan motar sannan na zare caja na fito da gudu, kwamfuta a buɗe a hannuna kamar mai ɗauke da tiren shayi. A danja ta farko batir ya ce tamanin da ɗaya. A ta biyu hamsin da huɗu. Wata motar kaya ta tsaya juyawa a tsakiyar titi, ina kallon lambar tana sauka, na ce wa direban don girman Allah ya hau gefen titi. Ya dube ni ta madubi ya ce, "'Yar'uwa, haihuwa za ta yi ne?" Da goma sha tara na haura matakala, ban ko yi sallama ba na ce, "Soket! Don Allah soket!"

Injiniya mace ce gajera, za ta yi shekara hamsin, tabarau ɗaya a ido ɗaya a goshi. Shagon bai fi ɗakin wanka girma ba, matattun kwamfutoci jere har rufi, kofin shayinta kusa da wani kofin cike da ƙananan noti. Ta nuna mini soket da ƙafa. Sai da na ga alamar caji sannan na gaishe ta, na zayyana mata komai, har da abin da bai shafe ta ba. Na ce kada ta kashe, sau uku.

"Na ji tun na farko, ƙanwata. Wane ne ya taɓa ta?"

"Yayana."

"Kowane gida da irinsa. Su ke ciyar da mu."

Ta buɗe wata baƙar taga ta buga 'yan haruffa, rubutu ya zubo. Ta bi shi da farce.

"Kin ga, ita da kanta ta faɗa. Ta ce ba za ta iya barci ba saboda ɓangaren hoto. Akwai wani ɗan shiri da ake kira direba, shi ne tafinta tsakanin kwamfuta da allonta. Shi yayanki ya tsige. Yanzu da na wucin gadi take lallaɓawa, shi ya sa rubutun ya kumbura, kuma na wucin gadi bai iya kwantar da ita ba."

"A mayar da shi mana."

"Mayarwa ba wuya. Wuyar ita ce yawancinsu in sun shiga sai sun ce a sake kunnawa."

Na tambaye ta ko za ta iya canja kalmar sirrin tun da a buɗe take. Ta duba ta girgiza kai, ta ce asusun a ɗaure yake da layin wayar Abba, can za a tura lamba, layin kuwa an rufe shi tun bayan rasuwa. Na ce batir fa, a sa sabo. Ta ce irin wannan tsohuwar sai an yi oda, sati biyu. Duk ƙofar da na tura sai in ji ta a kulle.

Ta sauko da direba na farko daga intanet, ya ɗauki minti arba'in, kwamfutar ta ce ba nata ba ne. Na biyu ya shiga har rabi ya tsaya. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Mutane suna zuwa da wayoyinsu tana ce musu su dawo gobe. Baffa ya kira ni, na fita baranda na ɗauka.

"Kina hanya?"

"Na kusa tasowa, Baffa."

"Ni dai na gaya miki, ba zan sa dattawa su hau bene hawa huɗu su koma da 'sai an jima' ba."

Na dawo na tarar wani akwati ya fito a allon, maɓalli biyu, sake kunnawa yanzu ko an jima, kuma na yanzun ne ya yi shuɗi yana jiran a taɓa shi. Gwiwar hannun Injiniya tana dab da madannai. Na ƙwalla ƙara har mai shagon kusa ya leƙo.

"Ke! Za ki sa in danna da firgita. Zauna."

Ta danna an jima. Ta cire tabaran idonta ta sauko da na goshi.

"Saura dabara ɗaya. Wani lokaci in an tsige direba, tsohon kwafinsa yana nan kwance a ciki. Zan sa ta zaɓa daga abin da take da shi. Allon zai yi baƙi. In ya dawo, ya dawo."

"In bai dawo ba fa?"

"Sai mu ce Allah ya sa haka ya fi alheri."

Na kama gefen tebur. Ta shiga wani dogon jeri, ta zaɓi wani suna mai kwanan wata na shekara uku baya, ta ce bismillah ta danna. Allon ya ɗauke. Na ga fuskata a cikin baƙin gilashin, mayafi ya zame, ido ya yi ja. Na karanta duk addu'ar da na sani har na koma kan ta shiga kasuwa. Na ce Abba, kai ma da ka buɗe baki sau ɗaya da duk ba a yi haka ba. Allah ya yafe mini, fushi nake da shi a lokacin, fushi sosai.

Allon ya ƙyafta ya dawo, rubutu ƙanana kamar da. Ta je kusurwa ta danna alamar wuta. Layi uku.

Na rungume matar nan da ban taɓa gani ba sai yau. Ta ɓamɓare ni ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Na farko, wancan da muka ce masa an jima yana nan yana jira. Na biyu, ban san yadda za ta farka ba bayan wannan wahalar. Tana iya farkawa lafiya, tana iya farkawa ta tambaye ki kalmar sirri. Mu gwada a nan?"

"In ta tambaya a nan, akwai abin da za ki iya yi?"

"Babu."

"To bar shi. In sau ɗaya za ta farka, ta farka a gaban Baffa."

Biyu da kwata na danna barci da hannuna. Fankar ta yi shiru, ƙaramar fitilar gefe ta fara lumshewa tana buɗewa. Na naɗe ta a mayafina na biyu na sa a jaka, na rungume jakar. A bas ban zauna daidai ba, kowane minti biyar sai na zuge zif na leƙa fitilar. Matar da ke kusa da ni har ta matsa. Dogo ya rubuto cewa ya tashi daga aiki, kawunnansa biyu sun kama hanya. Na ce masa ta yi barci. Ya turo "Alhamdulillah" har guda uku.

Huɗu saura kwata na haura benen Baffa ina haki. Yana zaune a doguwar kujera cikin farar jallabiya, ƙafar da aka yi wa aiki a miƙe kan matashi, sandarsa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Mama, ya tambayi Yaya, ya tambayi 'yan ajinmu, sai da ya gama tsaf sannan ya ce, "To, mu gani."

Na sa caja, na ɗora ta a kan ɗan teburin gabansa, na ɗaga murfin. Fankar ta tashi, allon ya yi haske. Hoton Abba ne ya fito a cikin ɗan da'ira, yana murmushin nan nasa na gefe ɗaya, a ƙarƙashinsa wani farin akwati, babu komai a ciki.

Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa.

"Ina saƙon?" in ji Baffa.

"Yana ciki, Baffa. Ta kulle. Kalmar sirri take nema."

"Ba ki da ita?"

"Babu mai ita."

Ya gyara zama ya ce, "To ai ka ji," irin na wanda dama ya san a rina. Na jawo kwamfutar na buga ranar haihuwata, don dai kada in zauna haka. Ta ce ba daidai ba. Sai wani ɗan layi ya fito a ƙarƙashin akwatin, wanda ban taɓa gani ba tun da ban taɓa zuwa wannan shafin ba, irin abin da mutum ke rubuta wa kansa don tuni. Na karanta a fili ba tare da na yi niyya ba.

"Sunan da nake tsokanar wanda ya goya ni zuwa makaranta shekara biyu."

Baffa bai motsa ba. Na ɗaga kai na ga ya zuba wa allon ido.

"Sake karantawa."

Na sake.

"Ƙafar babanki ce ta karye muna yara, ta ƙi ɗoruwa, ni na riƙa goya shi," ya faɗa, ba ni yake kallo ba. "Ja'iri. Shekara sittin ina hana shi sunan nan." Ya miƙo hannu. "Ba ni nan."

Na ɗora masa ita a cinya. Ya sa tafin hannun hagu ya kare madannan kada in gani, ya fara bugawa da yatsa ɗaya yana neman kowane harafi. Na farko ta ƙi. Ya goge ido da hannun riga ya sake. Ta buɗe, akwatin imel yana nan inda na bar shi.

Na nuna masa wurin abubuwan da aka aika, na nuna masa kwanan wata. Ya ce in matsa. Ya karanta layi taran nan yana motsa leɓe, ya koma farko ya sake.

"Ya rubuta wa bare," ya ce. "Ni ina zuwa asibitin nan kullum, ina zaune a gefen gadonsa, bai iya gaya mini ba."

Na ga ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma na san Baffa in ransa ya ɓaci ba ya duba gaban kowa. Daidai nan muka ji takun mutane a matakala, da sallamar wani dattijo yana haki a bakin ƙofa.

"Je ki buɗe musu, ki wuce ciki."

Na miƙe, na yi taku biyu na juyo.

"Baffa, me za ka ce musu?"

Ya rufe murfin kwamfutar a hankali, ya bar hannunsa a kai.

"Abin da zan ce musu ƙanena ya riga ya rubuta, ni karantawa kawai zan yi. Abin da zan ce wa uwarki ne ban sani ba."